Irin Geronmu a Gidan Oga Sefti

Kuɗɗin motar da ta kai ni Fatakwal daga ƙyauren ɗakin Inna sunka fito. Kada ku yi dariya, ƙyaure nake nufi, na kwano, wanda ake rufe ɗaki da shi. Awakinmu sun riga sun ƙare, jakin ma mun bayar a kan abin da bai kai kuɗɗin akuya ba. Baba ya duba gida sama da ƙasa, bai ga abin da mutum zai saya ba sai wanga ƙyaure. Ya ɓalle shi, ya aza mini a kai, munka taka daga Tsamaye har kasuwar Sabon Birni. Inna ta rataya tsohuwar tabarma a bakin ɗakinta.

Kai Basiru, aje wayar nan ka saurare ni, tunda kai ka tsokano zancen. Ba kai ne ka ce ɗakin da abokinka ya kama a Abuja har da abin da ke ihu in ya ji hayaƙi ba? Wai doka ce a gidan haya, wai an waye. Yaro, ni na san abin nan tun ubanka bai yi kaciya ba. Kuma har gobe in na tuna shi sai in ji wuyana ya ɗauki zafi.

Shekarun fari ne, Allah kada shi nuna muku irinsu. Damina ta zo ta yi mana gwalo ta wuce, ta bayanta ma haka. Hadari shi haɗu baƙi ƙirin ta gabas, mu fito muna hamdala, sai iska ta kwashe shi ta yi Nijar da shi, can ma mu ji bai zuba ba. Mutane sunka koma cin anza da tafasa. Anza kuwa sai an jiƙa ta kwana da kwanaki ana zubar da ruwan ɗacin, kuma duk da haka yaro in ya ci sai shi wuni riƙe da ciki.

A gonarmu duka abu guda ne ya fid da kai, wani gajeren gero da muke ce ma ɗan Tunau. Tunau kakan Baba ne, shi ya fara zaɓensa zangarniya-zangarniya, ɗiyansa sunka ci gaba. Ba shi da tsawo, ba shi cika rumbu, shekarar da ruwa ya wadata har ba'a maƙwabta ke yi mana da shi. Amma shina rigan kowane gero nuna, kuma ruwa kaɗan ya ishe shi. Ɗan abin da ya yi shekarar nan mun cinye tun sanyi bai shigo ba, sai wanda Baba ya ware na iri, ƙulli guda, iya abin da mutum zai runguma. Shina rataye bisa murhun Inna, inda ake rataye iri tun kakanni, hayaƙi na bugunsa safe da yamma don kada ƙwari su taɓa shi.

To, ku duba ku gani. Mace na dafa ganye a ƙasa, gero na lilo bisa kanta, ƙannena na kewaye da ita. Wata safiya na ji ta ce ma Baba, "Malam, a sauko da shi ko rabi ne. Yaran ga ba su iya anza."

Ya ce, "In an ci shi, mi za mu shuka?"

Ta ce, "In babu su, wa zai ci abin da ka shuka?"

Ranar da za ni tashi, Baba ya hau turmi ya sauko da ƙullin da hannunsa, ya sa a buhu, ya ja ni bayan gida. Ya ce, "Arzika, tahi da shi. In ya ci gaba da kwana gidan ga, wata rana ni da kaina za ni miƙa ma uwarka shi. Ba ni kai ma kowa ajiya garin ga, kowa ɗiyansa na kuka kamar nawa. Kada ka sussuke shi, kada ruwa shi taɓa shi, ka riƙa ba shi hayaƙi. Ka maido mini shi kafin ruwan shuka."

Wasu sun tahi ci-rani da tabarma da buta. Ni da gonar baɗi na tahi, a ɗaure a bayana.

Motar albasa na hau, bisa kaya, har ido ya daina yi mini yaji. Ban bari buhun nan ya bar cinyata ba. Wani ɗan kamasho ya so shi jefa shi cikin kaya, na ce mai in ya taɓa shi sai dai a sauke mu tare a ofishin 'yan sanda. Da munka shiga kudu na ga itace kore shar, ruwa kwance gefen hanya babu mai ko kallonsa, wallahi haushi ya kama ni. Mu can muna fita roƙon ruwa har gwiwa ta yi kanta, su nan zagin sa suke yi.

Wanda ya tarbe ni Labbo ne, mutumin Gangara, abokin ƙanen Baba. Ya daɗe shina zuwa Fatakwal, shina dako a kasuwar albasa, kuma ya iya buroka, Turancin nan nasu mai kama da an tauna an tofar. Shi ya sama mini baro, shi ya kai ni ɗakin da suke haya da waɗansu 'yan ƙasarmu. Ɗakin a bayan gidan wani mutum yake, irin wanda suke ce ma boiskwata. Na tambayi Labbo mi ke nan, ya ce ɗakin yara. Ɗakin yara! Labbo da furfura a gemu.

Mai gidan kuwa ba ni faɗin sunansa, bai kai ba. Mu Oga Sefti muke ce mai. Ya taɓa aiki a wani kamfanin mai, a sashen da ke hana mutane jin rauni, shi ne sefti ɗin, kuma ko da ya bar aikin kalmar ba ta bar bakinsa ba. Ka aje buta a hanya, sefti. Ka yi shanya, sefti. Shina karɓar kuɗɗin haya cif, kuma shi sa mu gadin ƙofa bi da bi ba ko sisi, wai ai Hausawa ba su barci.

Ranar da na iso ya shigo da wata sanda doguwa, ya tsai da ni tsakiyar ɗaki, ya nuna sama. Wani farin abu ne manne da silin, kamar murfin kwanon sha, da ɗan jan ido shina ƙyaftawa. Ya ce, "Sumok alam!" Ya maimaita har da buga sanda, kamar kurma yake ma magana. Labbo ya fassara mini: in abin ga ya shaƙi hayaƙi sai shi yi ihu, don mutane su tashi kafin wuta ta cinye su. Oga ya ce doka ce, kowane ɗakin haya sai da shi, 'yan kwana-kwana na zuwa dubawa, kuma wanda ya taɓa shi ya bar gidan. Ko doka ce ko shi ya ƙago abinsa, Allah masani, ni dai ban ga ko ɗan kwana-kwana guda ya shigo ba har na bar garin. Duk farkon wata sai shi zo da sandar nan shi danna cibiyar abin, shi yi ƙara, Oga shi gyaɗa kai shi ce "tes," wai gwaji ke nan. Mu Mai-ihu muke ce mata.

Ku tsaya ku ji inda abin haushin yake. Wanga mutum mai sefti, fetur yake sayarwa ta bayan fage. Durom-durom ne jere jikin bangon ɗakinmu ta waje, in rana ta taɓa su har wari ke shigo mana. Tagarmu da ƙarfe ya toshe ta don ɓarayi. Ƙofar baya da sarƙa da kwaɗo, makulli a aljihunsa. Da wuta ta tashi, Mai-ihu za ta tashe mu ne kawai mu ga mutuwarmu ido buɗe. Na faɗa ma Labbo haka, ya ce, "Yi shiru ɗana, ɗaki na wuya garin ga."

Na buga ƙusa a kusurwa na rataye irin Baba. Watannin farko lafiya lau, in dawo daga kasuwa in shafa shi in kwanta. Na yi ta cewa gobe za ni nemi inda ake hura itace, amma gidan duk risho ne, kuma ko kicin ɗin Madam, matar Oga, ba a bari mu leƙa. Sai ruwansu ya sauko. Ku kun san damina wata uku ce ko huɗu. Su can tun muna tsakiyar rani a nan sama ke ɓallewa, kamar da bakin ƙwarya, ba dare ba rana. Bango shi yi gumi, tabarma ta yi sanyi, ashana ta ƙi kamawa. Takalmin da ka aje jiya ka ishe shi da gashi.

Wata Juma'a na sauko da buhun, na kwance, sai wani wari ya buge ni. Na girgiza zangarniya guda bisa tafina, ga gari na zuba, ga ƙwari ƙanana na gudu. Ta ƙasa kuma hunhuna ta fara kamawa. Na ɗauka na shanya bisa kwanon ɗaki, ban kai ga saukowa ba ruwa ya tsuge, da ƙyar na rufe shi da rigata. Wani a ɗakin ya ce in sussuke in zuba a gwangwani da toka. Na ce Baba ya hana, kuma tokar garin nan ita kanta jiƙaƙƙiya ce.

Bayan la'asar na sayo kasko, na roƙi garwashi wurin mai shayi, na ɗebo garin katako wurin kafinta. Na rufe ƙofa, na aje kaskon ƙarƙashin ƙullin, na barbaɗa garin. Hayaƙi ya miƙe siriri, gwanin kyau. Ni wallahi na ma manta da abin da ke bisa kaina.

Kai! Ban taɓa jin ƙara irin wagga ba. Kamar an soka maka tsinke a kunne ana juyawa. Labbo na cikin lazimi ya watsar da tasbaha. Wani ya yi waje da zane a hannu. Karnukan unguwa sunka ɗauka, Madam ta fito da bokiti tana kururuwa, ta banko ƙofa, ta sheƙa ruwan tun ba ta ga inda wutar take ba. Na rungume gerona na ba ta baya, ruwan ya sauka a kaina. Sai ga Oga da jar tukunyar nan ta kashe wuta, shina haki.

Da ya ga kasko, sai ya fara. Ba na jin Turanci amma zagi ba shi buƙatar tafinta. Na ce ma Labbo, "Gaya mai iri ne. Gaya mai na ubana ne, ƙasarmu ana yunwa, in ban ba shi hayaƙi ba ƙwari za su cinye."

Labbo ya faɗi. Oga ya ɗaga zangarniya guda da yatsa biyu kamar ya kama ɓera, ya yi magana.

Na ce, "Mi ya ce?"

"Ya ce abincin tsuntsu ne."

"Ce mai shi ne tuwon da ya raini wanda ke yi mai gadi a banza."

Labbo ya juya ya ce, "Sori sa." Ni da kunnena na ji! Duk maganar da na yi, sori sa ta koma. Ran nan har Labbo sai da na yi ma tsawa, mutumin da ya girme ni nesa, Allah shi yafe mini.

Na kwantar da murya na ce to a bar ni in yi a tsakar gida, ƙarƙashin rumfa. Oga ya zaro ido ya nuna durom ɗinsa. Ashe ya san da su! Wuta kusa da fetur, wai so nake in kashe mai iyali. Mu da muke kwana jikin fetur ɗin ba iyalin kowa ba ne. Na ce to a cire Mai-ihu na ɗan lokaci, a buɗe ƙofa, shi da kansa shi tsaya a kaina har in gama. Ya ce doka ba ta san ɗan lokaci ba. Ya ce in ta sake yin ƙara, dukanmu waje.

Na shiga gari da buhu a kafaɗa ina neman hayaƙi. Ku ji fa, hayaƙi, abin da a nan ke sa mata hawaye kullum. Na je wurin Nomau, wani mai tsire ɗan Bafarawa, ya ce in rataya bisa tukubarsa. Kwana biyu na dawo na ishe maiƙo ya fara kama shi, ga ɓeraye na yawo a rufin kamar su ke biyan haya. Na kwashe. Anka kwatanta mini matan da ke bandar kifi bakin ruwa, na tahi. Wata ta ji tausayina ta ɗaga mini ragar, na sa hannu na janye da sauri. Wutar nan gasawa take yi, da na aza iri a kai da gasasshe za ni kai ma Baba. Iri hayaƙi mai sanyi yake so, kaɗan-kaɗan, kullum.

Labbo ne ya kawo dabara, ina jin don shi wanke kansa daga sori sa. Ya cire hularsa, tsohuwa mai kauri, ya cusa tsumma ciki, ya hau kafaɗar wani ya kifa ma Mai-ihu, ya ɗaure da zare. Ya ce, "To, malama, an yi miki naɗi, sai ki yi mana shiru."

Ta kuwa yi shiru. Oga na fita kasuwancinsa da yamma, Madam na tafiya coci, mu kuwa mu toshe ƙasan ƙofa, mu kifa hula, in hura kaskona. In an gama mu cire hular, mu yi ta fifita da faifai. Ba ni ce muku abin kirki ne ba, kada wani cikinku shi gwada, mun sha tari har ƙirji na ciwo. Amma cikin 'yan makonni gari ya daina zuba. Hunhuna ta bushe. Zangarkun sunka yi duhu, sunka yi ƙamshin nan na ɗakin girki. Wani yaro ɗan garin Isa da ke cikinmu, ƙato da shi, in an hura sai shi matso shi zauna shina share ido, shi ce hayaƙi ne. Ƙarya yake yi, uwarsa ya tuna.

Na fara lissafin komawa. Na sayi rabin buhun garin kwaki na aje, na ce in na isa gida ga abinci ga iri, Baba zai san ya haifi ɗa.

Abin da babu wanda ya lura da shi cikinmu shi ne silin. Mu mutanen da munka tashi ƙarƙashin kunkunniya, ina za mu ga baƙin rufi mu ce wani abu ne? A gidajenmu rufin da bai yi baƙi ba, ba a girki gidan. Farkon wata ya zo muna kasuwa, motoci sun iso da yawa. Oga ya buɗe ɗakin da nasa makulli don shi yi tes. Ya ɗaga kai ya ga silin ya yi baƙi, Mai-ihu kuwa fara tas a tsakiya, da zobe fari kewaye da ita daidai bakin hular Labbo.

Ana yayyafi munka dawo, wajen la'asar. Tun daga ƙofa na ga tabarminmu a waje, kaskona a fashe. Na shiga ɗaki, ƙusa na nan, babu komai a kanta. Na fito ina tambaya, "Ina buhuna? Ina buhuna?" Madam na tsaye bakin kicin, ta nuna bayan gida da baki.

Akurkin kajinta ne a can, babba, na waya, kaji sun fi a ƙirga. Oga ya kwance ƙullin ya watsa musu. Tun safe.

Na ɓalle ƙofar na shiga da rarrafe. Ƙasa duk caɓi ne da kashin kaji. Zangarkun na nan warwatse, an tsattsage su sai sanduna, wani ƙaton zakara na bisa guda shina ƙarasa ta. Na yi ta ɗagawa ɗaya-ɗaya ina dubawa, ko guda babu mai ido. Na koma tsintar ƙwaya cikin caɓi, kaji na tsinta ina tsinta. Ni Arzika ɗan Tsamaye, a durƙushe, ina kokawa da kaji. Abin da na samu bai cika tafin hannu ba.

Da na fito na ishe Oga tsaye da lema. Ban san sanda na cafki wuyan rigarsa ba. Labbo da wasu biyu sunka riƙe ni, da Allah kaɗai ya san inda za a kwana. Na ce, "Labbo, wallahi in ka ce sori sa yau, ni da kai har abada. Tambaye shi don mi."

Wannan karon Labbo ya faɗi duka. Oga ya gyara riga ya ba da amsa, Labbo na juya mini. Wai ceton ranmu ya yi. Wai hayaƙi a rufaffen ɗaki shina kashe mutum cikin barci, ya gani da idonsa a kamfani. Wai da gidan ya kama, shi hukuma za ta kama. Wai in dai gero ne, ga shi can jibge a kasuwa wurin masu tantabaru. Ya sa hannu aljihu ya ciro canji ya miƙo mini, wai in sayi wani.

Ku ji ni da kyau, don kada gobe wani shi ce tsoho ya ce abin ihun nan banza ne. Ban ce ba. Hayaƙi na kisa, gaskiya ne. Mai gidan da ya sa shi don Allah ya yi aikin lada. Da Oga kora ta kawai ya yi, da na ce gidansa ne. Da ya jefo mini buhuna waje tare da tabarma, da na ɗauka na ce na gode. Amma an gaya mai ko mi ne. An gaya mai na ubana ne, an gaya mai ana yunwa. Ya ɗauke shi ya wuce tabarmin da ya zubar, ya taka har bayan gida, ya buɗe akurki, ya kwance igiya. Wanga ba sefti ba ne, wulaƙanci ne, kuma ban yafe ba. Na buge hannunsa canjin ya watse a ruwa, ko waiwaya ban yi ba.

A rumfar Nomau mai tsire munka koma kwana. Na wanke 'yan ƙwayoyin da na tsinto, na shanya a gefen tukuba inda ba zafi, na ƙulle a tsumma na sa aljihun ƙirji. Na ce ko kunya guda ce Baba shi shuka a bayan gida, iri shi tashi. Amma sun riga sun sha ruwa wuni guda, garin kuma ba a bushewa. Ran nan ina tura baro na ji tsumman ya yi taushi. Na kwance. Duk sun tsaga, kowace ta fid da ɗan farin saiwa. Kowace, ko guda ba ta ƙi ba. Ashe irin na da rai sarai, hayaƙin ya yi aikinsa. Ya tsiro mini a aljihu, a Fatakwal, gida kuwa ko hadari bai fara ba. Na zauna bakin kwata na yi kuka, mutane na wucewa suna kallon mahaukacin Bahaushe.

Ban ƙara mako ba na hau mota. Na sauka Sabon Birni da garin kwakina, na yi sauran tafiyar a ƙasa. Garin ya yi shiru, ko kukan jaki babu. Na yi sallama, ƙannena sunka fito, duk sun zama ido da gwiwa. Na riƙa dubansu ɗaya-ɗaya. Ban ga Hajo ba, autar Inna, wadda na bari tana koyon tafiya tana kama ƙafar kowa. Na buɗe baki za ni tambaya, Baba ya ce, "Sai haƙuri. Tun tsakiyar zafi. Cikinta bai karɓi anza ba."

Munka zauna zaure anka yi fatiha. Idon Baba na kan kayana. Ya ga buhu guda ne, ya ga fari ne. Ya jira har maƙwabta sunka watse, sannan ya ce, "Arzika, ina ajiyata?"

Na gaya mai. Ban rage komai ba, tun daga Mai-ihu har akurki. Ya saurara kansa a ƙasa, shina murza yatsan ƙafarsa. Da na gama ya ce, "Ɗan Tunau ya ƙare ke nan." Daga shekarar nan iri sai wanda munka roƙa, kuma geron da kuke ci yau ba shi ne ba.

Ban san Inna na tsaye bayan zana ba. Ta shigo zauren, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta rame har na so in kasa gane ta. Ba ta dubi Baba ba ko sau guda. Ta durƙusa gabana, ta yi mini sannu da hanya, ta tambayi gajiya, kamar yadda ake yi. Sannan ta ce, a hankali, ba faɗa ba kuka:

"Arzika, kajin nan, sun ƙoshi?"

Baba ya tashi ya fita ba takalmi.